Shin wanda ya san daidai zai iya aikata ba daidai ba? Amsa kan maganar Sukurat

Tambaya: Malam, a wani darasi na ji an ce Sukurat, masanin falsafar nan na Girka, ya ce babu mai aikata mugun abu da saninsa, wai duk laifi jahilci ne. Ni kuwa na san likita mai shan taba sigari, na kuma ji labarin alƙalin da ya haddace doka amma yana karɓar na goro. Shin Sukurat bai zauna da mutane ba ne, ko ni ne ban fahimce shi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ji shi daidai. Abin da ya faɗa ke nan, kuma da gaske yake. Ba kai ne farkon wanda maganar ta tsaya wa a maƙogwaro ba. Aristo, wanda ya yi shekara 20 a makarantar Aflatun, shi kuwa Aflatun almajirin Sukurat ne, ya rubuta ƙarara cewa wannan magana ta ci karo da abin da kowa ke gani da idonsa. Sai dai bayan ya juya ta gaba da baya, ya dawo ya amsa cewa akwai abin da tsohon ya hango. Waɗannan ukun su ne littattafan boko ke rubutawa Socrates, Plato da Aristotle, idan za ka neme su. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne likitanka da alƙalinka ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, kuma maganar Sukurat ta fi kama ɗaya daga cikinsu.

Batun cewa bai zauna da mutane ba kam, cire shi. An haifi Sukurat a birnin Atina wajen shekara ta 470 kafin Miladiyya, ubansa mai sassaƙa dutse, uwarsa ungozoma. Bai rubuta ko shafi ɗaya ba, abin da muke da shi almajiransa ne suka rubuta, musamman Aflatun. Aikinsa yawo a kasuwa da filin motsa jiki, ya tare ɗan siyasa ko mawaƙi ko mai sana'a, ya yi ta jefa masa tambaya har mutum ya rasa ta cewa. Ya je fagen daga sau uku. Ya ga annobar da ta faɗa wa Atina a shekara ta 430, ya ga yaƙin shekara 27 da Atina ta yi da birnin Sparta daga 431 zuwa 404, ya ga mulkin azzalumai 30 da suka hau bayan an ci birnin suka yi ta kashe mutane don su ƙwace dukiyarsu. Wanda ya ga wannan duka ya san abin da ɗan Adam ke iya aikatawa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, me ya sa mutumin da ya ga mugunta tsirara ya nace cewa rashin sani ne tushenta?

Ga yadda hujjar take. Aflatun ya kawo hirarsa da wani saurayi mai suna Meno, ɗan masu hali daga yankin Tesaliya. Meno ya ce akwai masu son mugun abu alhali sun san mugu ne. Sukurat ya tambaye shi, wanda ya san abu mugu ne, ya san zai cuce shi? Meno ya ce ya sani. Wanda abu ya cuta kuwa, ba ya shiga wahala ya zama abin tausayi? Ya ce haka ne. To akwai mai son ya zama abin tausayi? Meno ya ce babu. Sai Sukurat ya ce ashe ke nan duk mai miƙa hannu ga abu, a lokacin da yake miƙawar yana ganin alheri ne a gare shi. Ɓarawo bai fita cikin dare don ya cuci kansa ba. Ya fita ne don yana ganin abin da zai samo ya fi masa amfani a kan abin da zai rasa. Burinsa irin na kowa ne, ya ji daɗin duniya. A lissafi ya yi kuskure.

Akwai wani ginshiƙi a ƙarƙashin wannan hujja wanda idan ba ka gan shi ba maganar za ta zama shirme. Sukurat ya yi imani cewa zalunci yana cutar mai yin sa fiye da wanda aka yi wa. A wata hirar, da su Gorgiyas masu koyar da iya magana, ya tsaya kai da fata cewa gara a zalunce ka da ka yi zalunci, har abokin hirarsa ya yi masa dariya. Dalilinsa shi ne wanda aka ƙwace wa gona ya rasa gona, wanda ya ƙwace kuwa ya lalata ransa, rai kuma shi ne abin da mutum ke rayuwa da shi kowace rana. Idan ka yarda da wannan, to duk azzalumi mai cutar kansa ne, kuma tun da babu mai son cutar kansa, dole ne bai ga cutar ba. Idan ba ka yarda ba, nan ya kamata ka kai hari, domin nan ne ginin yake tsaye.

To mai cewa “na sani, amma sha'awa ta fi ƙarfina” fa? Wannan ya taɓo shi a hirarsa da Furotagoras, babban malamin da ke yawo gari gari yana koyarwa da kuɗi masu yawa. Sukurat ya ce yawancin mutane suna ɗaukar ilimi kamar bawa, fushi ya ja shi nan, sha'awa ta ja shi can, tsoro ya ja shi wani wajen. Shi bai yarda ba. Ya ce abin da ke faruwa irin abin da ke faruwa da ido ne: abu ɗaya idan yana kusa sai ya yi girma, idan ya yi nisa sai ya ƙanƙance. Daɗin da ke gabanka yanzu ya cika maka ido, wahalar da za ta zo bayan shekaru ta zama ɗan ɗigo. Abin da zai cece ka, in ji shi, sanin awo ne, irin wanda zai hana ido ya yaudare ka. Ɗora wannan a kan likitanka. Da safe a asibiti, yana riƙe da hoton huhun maras lafiya, awonsa daidai yake. Da yamma bayan ya ci abinci, ashana a hannu, abin da ke cikin kansa shi ne “kara ɗaya ba zai kashe ni ba”. Kuma a kan kara ɗaya ɗin, kusan gaskiya ya faɗa! A wannan mintin ya yi hukunci cewa shan ya fi barin. Sukurat zai ce maka ba a rinjayi iliminsa ba, ra'ayinsa ne ya juya, zai kuma sake juyawa kafin ya taka guntun. Mu ma ai idan mutum ya yi abin da aka sha yi masa gargaɗi a kai, abin da ke fita daga bakinsa “da na sani” ne.

Wannan ya kai mu ga abin da yake nufi da sani, domin bai ɗauki duk abin da ke cikin kai a matsayin ilimi ba. A hirar nan da Meno ya kawo misalin hanyar Larisa, wani birni a Tesaliya wanda yana nan har yau. Mutum biyu za su iya kai ka Larisa: wanda ya taɓa bin hanyar ya san ta, da wanda bai taɓa zuwa ba amma zatonsa ya faɗa daidai. Meno ya ce to mene ne fifikon na farkon? Sukurat ya ce zato na gaskiya kamar gumakan Dedalus yake, wani gwanin sassaƙa na tatsuniyar Girkawa da ake cewa gumakansa suna guduwa idan ba a ɗaure su ba. Zato mai kyau yana da amfani muddin yana nan, sai dai ba ya zama. Abin da ke ɗaure shi kuwa shi ne sanin dalili. A wani littafin kuma Aflatun ya kawo misalin kotu: lauya yana da ɗan lokacin da agogon ruwa ya ba shi, ya shawo kan masu hukunci a kan fashin da ba su gani ba. Ko hukuncinsu ya dace, ba za a ce sun sani ba, wanda ya gani da idonsa ne ya sani. Gani ya kori ji. Wannan littafin ya ƙare ba tare da an samu ma'anar ilimi da ta tsaya ba, kuma har a shekarar 1963 wani Ba'amurke mai suna Edmund Gettier ya sake tayar da ƙurar da wata maƙala mai shafi uku kacal. Amma abin da ya shafe mu a nan ƙarami ne. A wajen Sukurat, abin da yawancinmu ke kira “na san haramun ne” ko “na san ba kyau” zato ne na gaskiya da muka gada, ba mu ɗaure shi ba. Ranar da kuɗi ko mace ko mulki suka zo, sai ya kama hanya.

Shi kansa ya nuna yadda ɗaurarren yake. A shekara ta 406, bayan wani yaƙin teku da aka ci nasara amma guguwa ta hana a ceto waɗanda jiragensu suka nutse, jama'ar Atina suka fusata suka ce a yi wa kwamandojin shari'a a dunƙule, abin da doka ta hana. Sukurat yana cikin masu jagorancin majalisa a lokacin, shi kaɗai ya ƙi, ana yi masa ihu ana barazanar kama shi. Duk da haka aka kashe shida daga cikin kwamandojin. Da azzaluman nan 30 suka hau, suka kira shi da wasu mutum huɗu suka ce su je tsibirin Salamis su kamo wani mai suna Leyon a kashe. Huɗun suka tafi, shi ya kama hanyar gida. A shekara ta 399, yana ɗan shekara 70, aka gurfanar da shi a gaban masu hukunci wajen 500 bisa zargin ƙin allolin gari da ɓata matasa, aka yanke masa hukuncin kisa. Abokinsa Kirito ya shirya kuɗin da za a fitar da shi daga kurkuku, Sukurat ya ƙi, ya sha gubar da aka zartar masa da hukuncin da ita. Abin lura shi ne a duk labaran nan ba ka jin mutum yana kokawa da zuciyarsa. Kamar dai an ce masa ya sa hannu a wuta ya ce a'a. Ina jin daga nan ra'ayinsa ya fito: ya auna mutane da kansa.

Nan kuma ne ya yi rauni, kuma shaidar da ta fi ƙarfi a kansa daga zaurensa ta fito. Alkibiyadis saurayi ne kyakkyawa mai dukiya, wanda ya tashi a gidan Ferikilis, babban shugaban Atina. Shi da Sukurat sun je yaƙi tare, Sukurat ya ma ceci ransa a fagen daga. Aflatun ya kawo shi ya shigo wata liyafa a buge, ya fara ba da labarin malaminsa. Ya ce idan yana sauraron Sukurat zuciyarsa bugawa take yi, hawaye su zubo, ya ga cewa rayuwar da yake yi ba ta cancanci a yi ta ba. Ya ce Sukurat ne kaɗai mutumin da yake jin kunyarsa a duniya. Ba ya iya musa abin da ya ce masa, amma da ya bar wajen sai tafin jama'a ya rinjaye shi, don haka yake toshe kunne ya gudu, har wani lokaci yakan so a ce mutumin ya mutu ya huta. Wannan Alkibiyadis shi ne ya zuga Atina ta kai yaƙi tsibirin Sisili a shekara ta 415, da aka kira shi gida ya amsa tuhuma ya gudu wajen abokan gaba a Sparta ya ba su shawarar yadda za su karya garinsu, daga can ya koma wajen Farisawa, a ƙarshe aka kashe shi a shekara ta 404 a yankin da yake cikin Turkiyya ta yau. Ya ji dalilan daga bakin mai su, ya fahimta har ya yi kuka. Idan har wannan bai kai sani ba, to sanin da Sukurat ke magana ya zama abin da kusan babu mai shi, kuma maganar ta koma zagaye: duk wanda ya faɗi sai a ce dama bai sani ba. Hujjar da babu abin da zai iya ƙaryata ta, ni ina ɗari-ɗari da ita.

Mutanen Atina ma ba su rasa mai faɗa musu haka ba. A shekara ta 431 wani marubuci mai suna Yurifidis ya nuna wasan kwaikwayonsa na Midiya, matar da mijinta ya yi watsi da ita ya auri 'yar sarki. Kafin ta kashe 'ya'yanta don ta ƙona masa zuciya, sai da ta faɗa da bakinta cewa ta san munin abin da za ta yi, amma fushi ya fi ƙarfinta.

Aflatun kansa, da ya manyanta, ya sauka daga kan ra'ayin malaminsa ba tare da ya yi shela ba. A babban littafinsa kan adalci da tsarin gari ya ba da labarin wani Liyontiyos da ke tahowa daga tashar jiragen ruwa ta Firayus, ya biyo ta bayan ganuwa, sai ya hangi gawawwakin waɗanda aka zartar wa hukunci a yashe. Yana son ya duba, yana kuma ƙyamar kansa da son dubawar. Ya rufe fuska, ya yi ta fama, can dai abin ya ci ƙarfinsa, ya ruga ya buɗe idanunsa da ƙarfi yana zaginsu, yana cewa to ga shi nan, la'anannu, ku ƙoshi da kallo. Aflatun ya ce abu ɗaya ba zai ja gaba ya ja baya a lokaci guda ba, saboda haka rai ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai hankali, akwai sha'awa, akwai kuma zuciya mai fushi da kishin mutunci, wadda ita ce ta zagi idanun. Da zarar ka yarda da wannan, ka yarda cewa hankali zai iya faɗin gaskiya a ƙi saurarensa, kuma wa'azi kaɗai ba zai gyara mutum ba. Shi ya sa littafin ya ɓata shafuka masu yawa a kan irin labaran da za a ba yara da irin kiɗan da za su ji da yadda za a horar da jikinsu.

Aristo, wanda aka haifa a shekara ta 384, shekara 15 bayan mutuwar Sukurat, ɗan likita ne, kuma ya zo wa matsalar kamar mai duba maras lafiya. Ya ce mallakar ilimi daban, amfani da shi daban. Mai barci yana da iliminsa, mahaukaci ma, wanda ya bugu ma, amma a wannan halin kamar ba su da shi. Ya ce fushi da sha'awa suna canza jikin mutum kansa, su sa shi cikin hali irin na maye. Aka ce to ai mutumin yana faɗin gaskiyar da bakinsa a lokacin da yake aikata laifin. Ya ce wannan ba shaida ba ce, domin mashayi ma yana iya rera baitocin masana yana tangaɗi, kuma ɗalibin da ya fara karatu yana jera kalmomi daidai alhali bai san su ba tukuna. Dole ilimi ya tsiro ya zama ɓangaren jikin mutum, wannan kuwa yana ɗaukar lokaci. Sai ya nuna inda abin ke karyewa. Mutum ya san ƙa'ida ta gaba ɗaya, cewa irin wannan abu a guje shi. Amma aiki ba ya fitowa daga ƙa'ida kaɗai, sai an haɗa ta da “wannan da ke gabana yana cikinsu”. Sha'awa ba ta musa ƙa'idar. Tana dai matso da wata gaskiyar gaba, cewa wannan abu yana da daɗi, ta bar waccan a baya tana gyangyaɗi. Shi ya sa a ƙarshen bayanin ya ce abin da Sukurat ke nema kamar ya tabbata: ilimi na ainihi ba shi ake ja a ƙasa ba, ganin abin da ke gabanka ne ke dushewa.

Yanzu mu dawo kan mutanenka biyu, domin Aristo ya raba su. Akwai wanda ya san daidai, yana son daidai, amma yakan faɗi. Akwai kuma wanda ya riga ya zaɓi ɓarna yana ganin ita ce dabara. Alamar da ke raba su nadama ce. Na farko da ya farfaɗo sai ya ji haushin kansa, na biyu barcinsa yake yi har da minshari. Aristo ya ce na farkon kamar mai farfaɗiya ne, ciwon yana zuwa yana tafiya, na biyun kamar mai tarin fuka, ciwon yana nan kullum. Ya kuma ce na farko kamar gari ne mai dokoki masu kyau da ba a aiki da su, na biyu gari ne mai aiki da dokokinsa sarai, sai dai dokokin miyagu ne. Sannan ya faɗi abin da na fi so a duk babin: rauni ya san kansa, mugunta kuwa ba ta san kanta ba.

Likitanka na farkon ne. Yana ɓoye kwalin, ya sha alwashin dainawa ba sau ɗaya ba, idan ɗansa ya ɗauka zai mare shi. A kansa maganar Sukurat sai an yi mata kwaskwarima kafin ta zauna. Alƙalin da ya mayar da karɓar na goro sana'a kuwa, ka zauna da irinsa ka ji. Zai ce maka kowa yana yi, albashi ba ya kai wata, wanda ya ƙi karɓa ya yi ritaya a gidan haya 'ya'yansa suna zaginsa. Ba ya fama da kansa ko kaɗan. Ya san abin da doka ta ce, amma a kan tambayar da ta fi girma, wato mene ne alheri ga mutum, yana da amsa, ya kuma gamsu da ita, amsar ce ba daidai ba. Wannan shi ne ainihin jahilin Sukurat. Abin mamakin ke nan: misalin da ka ɗauka ya fi ƙaryata Sukurat shi ne ya fi gaskata shi. Haddace doka sanin abin da aka rubuta ne, sanin cewa cin hanci yana cin mai cin sa wani ilimi ne dabam, kuma alƙalinka bai taɓa samun sa ba.

Inda Aristo ya yi wa Sukurat nisa shi ne magani. Sukurat ya ɗauka tambaya da amsa za su warkar. Aristo ya ce da gini ake zama magini, da kaɗa molo ake zama makaɗi, haka ma da aikata adalci ake zama adali. Ya yi wa masu son falsafar baki ba'a, ya ce kamar marasa lafiya suke da ke sauraron likita da kyau amma ba sa yin ko ɗaya daga abin da ya ce. A wajensa wanda ba a saba masa tun yana yaro ya ji daɗin abin kirki ya ji ƙyamar abin kunya ba, hujja ba za ta shige shi ba, domin ido ne ba shi da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan ina bayan Aristo ba tare da jinkiri ba. Alkibiyadis bai rasa hujja ba, ya ji ta daga wanda ya fi kowa iya ta. Ya dai zo wajen Sukurat bayan Atina ta gama shagwaɓa shi.

Wannan bayani bai tsaya a Girka ba. An fassara littafin Aristo na ɗabi'u zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, Miskawaihi wanda ya rasu a shekarar 1030 Miladiyya ya gina littafinsa na gyaran ɗabi'u a kansa, kuma wanda ya karanta Ihya'u ta Imam Gazali a zaure zai tuna yadda ya bayyana hali: wani yanayi ne da ya kafu a rai, ayyuka suna fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba sai an tsaya tunani ba, kuma ana samun sa ta hanyar tilasta wa kai aikin har ya zama jiki. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a tafsirin ayar tuba ta Suratun Nisa'i wadda ta ambaci masu aikata mummuna da jahilci, malamai sun kawo daga magabata cewa duk wanda ya saɓa wa Allah jahili ne a lokacin saɓon, ko da gangan ya yi. Ban ce wani ya ɗauko daga wani ba, kuma bayanin ayar na malaman tafsiri ne. Na kawo shi ne don ka ga cewa kiran mai laifin ganganci jahili ba baƙon abu ba ne a kunnenmu kamar yadda ya fara yi maka.

Saura abu ɗaya da na san zai biyo baya a ranka: idan laifi jahilci ne, don me za a hukunta mai laifi? Sukurat bai guje wa wannan ba. A gaban kotu ya ce wa mai ƙararsa, idan ina ɓata matasa ba da niyya ba, ai kamata ya yi ka ja ni gefe ka koya mini, ba ka kawo ni nan ba. Aristo bai karɓi wannan uzuri ba. Ya ce akwai jahilcin da mutum ne ya jawo wa kansa, ya kawo dokar da ke ninka wa mashayi hukunci idan ya yi laifi a buge, dokar da ake dangantawa ga Fitakus na tsibirin Lesbos. Mashayin bai san abin da yake yi ba, gaskiya ne, amma shi ya ɗaga ƙoƙon. Haka mai mugun hali: yau ba zai iya ganin daidai ba, amma akwai ranar da yake iyawa, ya yi ta zaɓen ɓarna kaɗan kaɗan har idon ya rufe. Ya ce kamar wanda ya jefa dutse ne, kafin ya saki yana da iko, bayan ya saki ba zai dawo da shi ba.

Amsar tana da kyau a kan alƙalinka, wanda akwai ranar da ya karɓi ambulan na farko hannunsa yana rawa. Amma ka haɗa ta da abin da Aristo ya faɗa a kan tarbiyya ka ga inda take ɗingishi. Idan sabon yarinta ne ke buɗe ido ko ya rufe shi, yaro kuwa ba shi ya zaɓi gidan da zai tashi ba, to wanda ya buɗe ido ya tarar ana yaba wa ubansa saboda ya iya cin kuɗin jama'a, yaushe ne dutsen yake hannunsa? Aristo ya ce mu masu tarayya ne a cikin samar da halinmu, wato da hannunmu a ciki amma ba mu kaɗai ba. Bai faɗi nawa ne kason mutum nawa ne na gidansu da garinsu ba, kuma masu falsafa da masu shari'a har yau ba su gama raba wannan gadon ba.